Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Agogon Kuronogiraf da Dawowarsa

 Tawa gudummawar a wannan fitowa ita ce tarihin wani irin agogon hannu da ake kira kuronogiraf. A 'yan shekarun nan manyan kamfanonin agogo sun koma suna tono samfuran da suka ƙera tun shekarun 1950 da 1960, suna sake ƙera su sabbi fil, jama'a kuwa suna rububin saye suna tarawa. Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mutumin da ke da wayar salula a aljihu zai zuba kuɗi a kan agogon da sai an wana shi da hannu? Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin ya ƙunshi wani ƙaramin ma'aikaci wanda ba don shi ba, da wani sashe na wannan sana'a ya bi ruwa.

MENE NE KURONOGIRAF?

Duk wanda ya halarci gasar wasanni tsakanin gidaje zai tuna da agogon da malamin wasanni ke ratayawa a wuya, ya danna idan an tashi gudu, ya sake dannawa idan an kai layi. To, kuronogiraf shi ne agogon hannu da aka haɗa masa wannan aiki. Yana nuna lokaci kamar kowane agogo, sa'an nan yana da madanni biyu a gefe: na sama shi ke tayar da doguwar allurar sakan ya kuma tsayar da ita, na ƙasa shi ke mayar da ita kan sifiri. Ƙananan da'irorin da ke fuskarsa su ke ƙirga mintoci da awoyin da suka wuce.

Sunan daga Girkanci ya fito, ma'anarsa "mai rubuta lokaci", kuma na farkon rubutun yake yi da gaske. A 1821 wani maƙerin agogo Bafaranshe, Nicolas Rieussec, ya kai wani akwati filin sukuwa na birnin Paris. Duk dokin da ya iso layi, sai a danna, allura ta ɗiga tawada a kan fuskar agogon. An daɗe ana ɗauka shi ne na farko, sai a 2013 aka bayyana wani da Louis Moinet ya ƙera tun 1816 domin masu nazarin taurari, wanda ke iya auna kashi ɗaya cikin 60 na sakan. A 1844 Adolphe Nicole ya yi rajistar wani ɗan ƙarfe mai siffar zuciya da ke mayar da allura kan sifiri, kuma har gobe da shi ake aiki. Daga aljihu agogon ya hau hannu: kamfanin Longines ya fitar da injin kuronogiraf na hannu a 1913, Breitling kuma ya yi rajistar madanni na biyu a 1934. Daga nan siffar da muka sani ta zauna.

A wancan zamani kayan aiki ne, kamar yadda awo yake a hannun tela. Lambobin da ke zagaye da fuskarsa kowanne da amfaninsa. Direba zai danna a kan alamar kilomita ɗaya, ya tsayar a ta gaba. Idan sakan 30 ya ɗauka, allura za ta nuna 120, watau gudun kilomita 120 a awa, domin 3,600 ne aka raba da 30. Likita zai ƙirga bugun jini 15 ko 30, ya karanta bugun minti guda a fuskar agogon. Soja kuma zai danna idan ya ga walƙiyar igwa, ya tsayar idan ya ji ƙararta, ya san nisan abokan gaba, tun da sauti yana cin kimanin kilomita ɗaya cikin sakan 3.

ZAMANIN DA TAURARONSA YA HASKA

Samfuran da ake maimaitawa yau yawancinsu 'ya'yan shekaru ashirin ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon shekarun 1950 Breitling ya fitar da Navitimer, mai zoben lissafi da matuƙan jirgin sama ke juyawa su san man da ya rage musu. A 1957 Omega ya fitar da Speedmaster domin masu tseren mota. A 1963 Jack Heuer ya fitar da Carrera, ya sa masa sunan wani tsere mai haɗari da aka yi ta yi a ƙasar Meziko daga 1950 zuwa 1954. A wannan shekara ta 1963 ne kuma Rolex ya fitar da agogon da daga baya aka san shi da Daytona.

Cikinsu Speedmaster ya fi kowa sa'a. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gwada agogunan kamfanoni daban-daban, ta gasa su a zafin da ya kai digiri 93, ta daskarar da su, ta jijjiga su, shi kaɗai ya fita da rai. A watan Maris 1965 aka amince da shi. A watan Yuli 1969 Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a hannu. Shi kuwa Neil Armstrong a cikin kumbo ya bar nasa, domin agogon lantarkin kumbon ya sami matsala. A watan Afrilu 1970, da kumbon Apollo 13 ya lalace aka kashe yawancin na'urorinsa domin tattalin wuta, da Speedmaster Jack Swigert ya ƙirga sakan 14 na kunna injin da ya daidaita musu hanyar komowa gida. Abin mamaki, agogon Aldrin ɗin nan ya ɓace a hanya lokacin da aka aika da shi gidan tarihi na Smithsonian, har yau babu labarinsa.

SHEKARAR 1969

Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 kowane kuronogiraf sai an wana shi da hannu. Agogon otomatik, mai wana kansa da motsin hannun mai shi, ya riga ya bazu, amma cusa wannan dabara cikin injin da ya riga ya cika da ƙarafa ya gagari maƙera. Ɓangarori uku suka shiga tsere a ɓoye. Ranar 10 ga Janairu 1969 kamfanin Zenith na garin Le Locle a Suwizalan ya sanar da nasa, ya raɗa masa suna El Primero, watau "na farko" da harshen Sifaniyanci. Injinsa yana bugawa sau 36,000 a awa, sau 10 ke nan a sakan, don haka yana auna kashi ɗaya cikin 10 na sakan. Ranar 3 ga Maris haɗin gwiwar Heuer da Breitling da Hamilton-Buren da Dubois Dépraz suka nuna nasu, Calibre 11, wanda ake gane shi da mawaninsa da ke gefen hagu. A watan Mayu kamfanin Seiko na Japan ya fara sayar da nasa mai lamba 6139. Har yau masana ba su daina gardamar wanda ya riga wani ba.

Ana cikin wannan murna, ranar 25 ga Disamba 1969, Seiko ya fitar da wani agogo mai suna Astron a birnin Tokyo. Babu sifirin a cikinsa. Batir ne ke girgiza wani ɗan ƙanƙanen dutse da ake kira kwaz. Kuskurensa bai wuce sakan 5 a wata ba, alhali agogon sifirin mai kyau yana iya yin wannan kuskure a yini ɗaya. Da farko kuɗinsa yen 450,000 ne, kusan kuɗin ƙaramar mota, amma cikin 'yan shekaru farashin agogon batir ya faɗi ƙasa warwas. Suwizalan ta ji a jikinta. Ma'aikatan agogo da suka kai kimanin 90,000 a 1970 sun koma kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kuma daga kimanin 1,600 suka koma kimanin 600.

Guguwar ta iso har ƙasarmu. Iyayenmu da suka je aikin Hajji a shekarun 1970 sukan dawo da Seiko 5 ko Rado a matsayin tsaraba, kuma kowace babbar kasuwa tana da mai gyaran agogo zaune bayan ɗan akwatinsa na gilashi, da madubi maƙale a ido ɗaya. Da agogunan batir masu araha irin su Casio suka cika gari, aikin da yawansu ya koma canza batir da rage tsawon sarƙa.

MUTUMIN DA YA ƁOYE KAYAN AIKI

A farkon shekarun 1970 wani kamfanin rediyo da talabijin na birnin Shikago, wanda shi ma Zenith ne sunansa, ya sayi kamfanin agogo na Zenith. Sababbin shugabannin suka duba kasuwa suka yanke cewa zamanin sifirin ya wuce. A 1975 suka ba da umarni a daina ƙera injin sifirin, daga baya kuma a sayar da kayan aikinsa a kilo, a matsayin tsohon ƙarfe.

A ma'aikatar kamfanin akwai wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot, wanda ya yi aikin El Primero tun daga farkonsa. Ya rubuta wa shugabanni takarda yana roƙon a adana kayan, domin a ganinsa wata rana za a neme su. Ba a saurare shi ba. Sai ya shiga kwashe su a asirce, kaɗan-kaɗan, yana kai su wani ɗaki a can saman rufin ma'aikatar: mazubai na buga sassa kimanin 150, da sauran kayan yanka ƙarfe, da zane-zanen injin. Kowanne ya liƙa masa lamba, ya rubuta yadda ake amfani da shi a cikin fayil, sa'an nan ya toshe ƙofar wurin da bango. Da an kama shi, da aikinsa ya tafi, a lokacin da dubban 'yan'uwansa ke zaune babu aiki.

A 1978 Amurkawan suka sayar da kamfanin ya koma hannun 'yan Suwizalan. Cikin 'yan shekaru sha'awar agogon sifirin ta fara farfaɗowa, har Rolex ya zo neman injin otomatik da zai sa wa Daytona. Ƙera waɗancan mazubai daga farko zai ci kuɗin da Zenith ba shi da su a lokacin. Nan Vermot ya kai su ɗakin da ya toshe. A 1984 aka koma ƙera El Primero, daga 1988 zuwa 2000 kuma shi ne ke cikin kowane Daytona, bayan Rolex ya yi masa gyare-gyare ya rage bugunsa zuwa 28,800 a awa. Irin haka ta faru da injin Valjoux 7750, wanda aka dakatar a tsakiyar shekarun 1970 amma wanda ya tsara shi, Edmond Capt, ya adana zanensa da kayan aikinsa. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin injinan kuronogiraf da aka fi amfani da su a duniya.

Mu da muke aikin gwamnati mun san yadda tsofaffin fayiloli ke ƙarewa idan aka yi sabon shugaba ko aka tashi daga ofis: a zuba su a sito, gara da ɗigon ruwa su gama da su. Abin da ya ba aikin Vermot daraja shi ne lambobin da ya liƙa da bayanin da ya rubuta. Tarin ƙarfe babu bayani, bayan shekara tara ba wanda zai gane kansa.

YADDA MAIMAICI YA ZAMA KASUWA

Abin da ya ceto masana'antar Suwizalan gaba ɗaya shi ne haɗe manyan rukunoninta biyu a 1983, da fitowar agogon roba mai araha na Swatch a wannan shekara, ƙarƙashin jagorancin Nicolas Hayek. Da ƙura ta lafa, kamfanonin suka gane ba za su iya ja da batir wajen daidaito ko araha ba. Abin da ya rage musu wanda batir ba shi da shi, shi ne tarihi. Sai suka mai da shi haja.

A 1996 TAG Heuer ya sake fitar da Carrera cikin siffarsa ta shekarun 1960, ba da jimawa ba kuma ya dawo da Monaco mai kusurwa huɗu, wanda Steve McQueen ya ɗaura a fim ɗin Le Mans na 1971. Kasuwar gwanjo ta ƙara hura wutar. A watan Oktoba 2017 aka sayar da Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a New York kan dala miliyan 17.75. Da tsofaffin asali suka fi ƙarfin aljihun kowa, sai jama'a suka koma kan sababbin da aka ƙera da kamanninsu. A 2017 Omega ya maimaita Speedmaster na 1957, guda 3,557 kacal. A 2019 Breitling ya maimaita Navitimer na 1959, guda 1,959. A wannan shekara Zenith ya cika wa El Primero shekara 50 da maimaita samfuransa na 1969. Shi kuwa Omega, da ya so dawo da injinsa mai lamba 321, irin wanda ya je wata, wanda aka daina ƙerawa tun ƙarshen shekarun 1960, sai da aka ɗauki hoton cikin agogon Gene Cernan na Apollo 17 da na'ura mai gani har hanji, aka auna sassansa ɗaya bayan ɗaya. A kwatanta wannan wahala da ta Zenith, wanda bango kawai ya rusa.

Mai ƙaramin albashi ma ba a bar shi a baya ba. A farkon shekarun 1960 kamfanin Venus na Suwizalan ya sayar wa ƙasar Sin kayan ƙera injinsa mai lamba 175, ma'aikatar agogo ta birnin Tianjin ta ƙera wa sojojin sama kuronogiraf da shi. Maimaicinsa, wanda ake kira Seagull 1963, ana samunsa a kan 'yan ɗaruruwan daloli, kuma tsarin injinsa na da ne. A watan Maris 2022 kuma Omega da Swatch suka fitar da MoonSwatch kan dala 260, mai fuskar Speedmaster amma da batir a ciki, mutane suka kwana a layi a manyan biranen duniya.

ABIN DA MAI TARAWA YA KAMATA YA SANI

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Maimaici iri-iri ne. Akwai wanda fuskar kawai aka ɗauko, cikinsa kuwa injin zamani ne ko batir. Akwai wanda aka ɗauko fuska aka ƙara masa girma domin ya dace da yayin yau, alhali na asali da yawa faɗinsu bai wuce milimita 36 zuwa 39 ba. Akwai kuma wanda aka dawo da fuska da girma da inji gaba ɗaya, kuma shi ya fi tsada. Tambayar farko da mai saye zai yi ita ce: wane inji ne a ciki, kuma wa ya ƙera shi?

Ta wasu fuskoki sabon ya fi tsohon. Lambobin da ke haske cikin duhu, da sinadarin radiyam ake shafa su har zuwa farkon shekarun 1960, sinadarin da ya kashe 'yan mata masu wannan aiki a Amurka a shekarun 1920. Aka koma tiritiyam, daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka koma fenti marar lahani. Tsofaffin sinadaran sukan rine su koma ruwan ƙasa idan sun daɗe, masu tarawa kuma suna son wannan launi, shi ya sa kamfanoni ke rina sabon fenti ya yi kama da wanda ya sha shekaru. Wasu na ganin ado ne, wasu na ganin furfurar aro ce. Bugu da ƙari, tsohon kuronogiraf ba ya shiri da ruwa, ta wajen madannai yake shiga, ga mu kuwa da alwala sau biyar a rana, ga ƙurar hunturu. Sabon yana da robobin toshewa masu kyau, amma shi ma ba a danna shi yana jiƙe.

Sa'an nan maimaici yana raba mutum da tsoron jabu. A watan Nuwamba 2021 aka sayar da wani Speedmaster da aka ce na 1957 ne a gwanjon birnin Janiba kan faran miliyan 3.1 na Suwizalan, kuma Omega da kansa ya saye shi domin gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne, an tattaro sassansa daga agoguna daban-daban. Idan irin wannan ta sami wanda ya ƙera agogon, ina ga ni da kai?

Amma akwai abin da maimaici ba ya zuwa da shi. Wanda aka ƙera a 2019 bai je wata ba, bai ƙirga bugun jinin marar lafiya a 1960 ba. Kada kuma a ɗauke shi a matsayin jari. Kalmar "adadi ƙayyadadde" dabarar talla ce, kuma yawancin sababbin agoguna darajarsu raguwa take yi da zarar sun bar kanti. Wanda zai saya, ya saya domin yana son ɗaurawa, da kuɗin da ba na cefane ko na makarantar yara ba.

KAMMALAWA

Zamani riga ne, kowa da irin tasa. Shugabannin Shikago ba wawaye ba ne; lissafinsu na 1975 daidai yake da kasuwar 1975, kuma har yau agogon batir ya fi na sifirin daidaito. Abin da lissafin bai hango ba shi ne cewa rusa sana'a aikin wata ɗaya ne, sake gina ta kuwa sai da kayan aiki da rubutu da mutanen da suka iya. Kowane maimaici na gaskiya da ke kanti a yau, bayansa akwai wanda ya adana wani abu a lokacin da adanawar ba ta da riba.

Injin kuronogiraf yana da sassa sama da 200, kuma duk bayan 'yan shekaru yana bukatar a warware shi, a wanke, a sa masa mai. Dattawan da suka iya wannan aiki a kasuwanninmu suna ta raguwa, kuma yaran da ke zama kusa da su gyaran waya suke koyo. Saboda haka shawarata ga 'yan'uwa ita ce, kafin a yi tunanin maimaicin Suwizalan, a buɗe akwatin mahaifi a duba. Idan akwai tsohon Seiko da ya tsaya, a kai wa mai gyara tun yana da sauran gani, a biya shi haƙƙinsa da kyau, a kuma rubuta a takarda shekarar da aka sayo shi da wanda ya ɗaura shi, a ajiye tare da agogon.